Sista a Ɗakin Dada

Ni ce 'yar farin Dada, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. A wurinmu ba abin mamaki ba ne. Dangin uwata tsofaffin mutanen Gombe ne, fulako a jininsu yake. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama su yi hira, ba ta ma nuna ta san yana wurin. Ana yaye ni Goggo, yayar mahaifina, ta goya ni ta tafi da ni. A hannunta na yi makaranta har na gama sakandare, daga ɗakinta kuma aka kai ni gidan miji a Nasarawo. In na je gaishe da Dada a Kagarawal, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa idonta na kan shinkafar da take tsincewa. In tana so a kawo mini abinci, da iska take magana: "Wai gidan nan ba a ba baƙi ruwa ne?" In ana zancena kuwa, sunana "ta Nasarawo". Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Duk ranar da zan koma gida sai na tarar da ƙullin daddawa ko busasshiyar kuɓewa a ƙasan jakata, ba wanda ya ga hannun da ya saka.

Wanda ba a yi wa magana, ido ne ke yi masa aikin kunne. Ni na fara lura da butar Dada. In na je yini sai in ga ba ta gama zama ba ta sake miƙewa ta ɗauke ta, ta nufi bayan gida da irin saurin wanda ba ya so a ce yana sauri. Ta dawo ta sake alwala. Na ga zobenta na azurfa ya koma yatsan tsakiya don ya ƙi zama a nasa. Na ga leɓɓanta sun yi fari. Duk na gani, amma ba ni da bakin tambaya.

Mai bakin tambaya ita ce autarmu, wadda ke aure a Katsina. Ita kam har gadon Dada take hawa ta miƙe ƙafa, ta ci daga kwanonta, ta yi mata tsiya, Dada ta zage ta suna dariya. Ita ta kira ni a waya.

"Adda, kin san Dada jini take zubarwa? Ta daɗe tana ɓoyewa. Wai basir ne."

A garin nan duk abin da ya taɓa mutum daga cibiya zuwa ƙasa basir ne. Masu motar magani da lasifika sun riga sun gama yi wa kowa bayani a bakin kasuwa, abin da ma ba ka so ka ji a gaban 'ya'yanka. Dada ta sha jiƙo, ta sha sassaƙe, ta sha wani baƙin ruwa a gora da ko ƙuda ba ya sauka a kansa. Sai da ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida sannan ƙanena mai bi na ya ɗauke ta a keke napep zuwa babban asibiti, tana cewa ita lafiyarta lau, jiri ne kawai.

A can aka zura mata wani siririn bututu mai ido a kansa, aka leƙa cikin hanjin. Likitan ya kira mu, ni da ƙanena, ya juyo mana da allon na'urarsa. Ni fa na san hanji. Duk layya ni ake bar wa wankin kayan ciki, na san siririn mai tsawo, na san mai kaurin, na san yadda ake juya shi a kan tsinke. Amma ban taɓa tunanin zan ga na mutum yana raye ba, balle na uwata. Ya nuna mana hoton lafiyayye, sumul kamar cikin kunci. Ya nuna mana nata, ja zur, duk ya kwaile kamar ƙuna. Ya faɗi sunan ciwon da Turanci ban riƙe ba, sai ya ce mu ce da shi gyambon babban hanji. Ba tsutsa ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma wani abu ta ci ba. Wai a cikin jinin kowa akwai masu gadi da Allah ya sa su yaƙi cuta, to nata ne suka rikice suka koma cizon bangon hanjinta, kamar karen gida da ya daina gane masu gidan.

Na ce me ya rikita su? Ya ce har yau masana ba su gama sani ba. Na ce ana gadonsa? Na ce shi babban hanjin ainihin mene ne aikinsa? Ya ce yawanci ruwa yake tsotsewa, abincin kam siririn ne ke shanye amfaninsa. Zan sake buɗe baki ƙanena ya taka mini ƙafa.

"Adda, jarrabawa za ki zauna ne?"

Likitan ya yi dariya ya ce a bar ni, gara mai tambaya.

Magani ya riƙe ta wasu shekaru. Ta yi ƙiba kaɗan, ta koma zuwa suna da biki. Daga baya ciwon ya dawo da ƙarfinsa ya ƙi jin kowane magani, aka yi ta ƙarin jini kamar ana zuba ruwa a kwando. Sai likitoci suka ce babu sauran hanya sai a cire babban hanjin gaba ɗaya. Za a huda fatar ciki ta gefen dama, a fito da bakin siririn hanjin ta nan, a manna jaka a kai tana tarar abin da ke fita. Na yi kwanaki ina juya maganar nan a raina. Ashe ana iya raba mutum da hanji guda ya ci gaba da cin tuwo? Tsarki ya tabbata ga wanda ya yi mu da abin da za a iya ragewa.

Aka yi aikin, Allah ya ba da sa'a. Auta ce ta zo ta yi jinya da tsohon cikinta, ni kuwa nawa dafa kunu da zaman benci a bakin ɗakin marasa lafiya. Da aka sallamo su, haihuwarta ta matso, dole ta koma Katsina. Ƙanena namiji ne. Matarsa suruka ce, kunyarta ta fi tawa. Sai aka haɗa mu da wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, mutuniyar Tangale da ke zaune a Herwagana, kowa Sista yake ce mata. Doguwa ce, dariyarta tun daga zaure ake ji, tana sauka daga acaɓa tana faɗa da mai babur a kan gudu. Ita ke zuwa tana canja jakar duk bayan 'yan kwanaki. "Mama" take ce wa Dada, Dada kuma ta saki jiki da ita kamar tare suka yi 'yanmatanci.

Aikina shi ne in ɗumama ruwa in miƙa ta ƙarƙashin labule. Sai in tsaya a nan ina saurare. Nakan ji ƙarar almakashi, in ji ana ɓare wani abu kamar filasta, in ji Sista na cewa, "Yauwa, ɗan gari, yau kuma gaisuwa kake yi?" In rasa da wa take. Wata rana ta fito ta kama ni kunnena na jikin labule.

"Ke, kunnen nan naki zai tsinke. Zo nan."

Ta zaunar da ni a baranda, ta aika aka ɗauko mata ɗan ƙaramin tumatir daga kicin, ta ɗora shi a kan faifai. Ta ce wannan shi ne bakin hanjin. Ta fito da jaka sabuwa, ta nuna mini faffaɗan gindinta mai danƙo, da yadda ake auna bakin a yanka rami daidai da shi. In ramin ya yi ƙanƙanta ya shaƙe hanjin, in ya yi faɗi ruwan ya taɓa fata. Ta ce abin da ke fitowa daga siririn hanji ba irin bayan gidan da na sani ba ne, ruwa-ruwa ne, kuma da sauran kaifin da ke narkar da abinci a cikinsa, nama yake ci, to fatar mutum ma nama ce. Na yanka, na manna a kan tumatir, na ɓare, na sake. Ta ce hannuna ya fi na wasu ɗalibanta. Na ji daɗi kamar an ba ni kyauta a makaranta, ko da yake na san iyakar ilimin nan nawa tumatir.

Muna da wani fata guda. Tun kafin aikin an ce mana wasu akan sake yi musu aiki na biyu, a ɗinka wata 'yar taska daga siririn hanjin a haɗa ta da mafita ta asali, su rabu da jaka. Da Dada ta yi ƙarfi muka koma a duba ko za ta yiwu. Ina tsaye a bayan kujerarta likita ya tambaye ta haihuwa nawa ta yi, ta faɗa. Ya ce, "Ta farin fa, Hajiya? Ta zo da wuya?" Dada ta zuba wa bango ido kamar an rubuta wani abu a jiki. Na gane, na fita na ja ƙofa.

Bayan ya gama gwajinsa ya same mu a waje. Ya ce a ƙasan ƙugun mace akwai wani shimfiɗaɗɗen nama da ke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji. Na ce kamar majanyi? Ya ce kamar majanyi sak. A bakin mafita kuma akwai wani mai tsukewa kamar zariyar wando. Na Dada ya yage tun da daɗewa, ba a ɗinke ba, sauran haihuwar da tsufa suka ƙara sassauta shi. Wasu ana iya gyara musu, amma abin da zai taru a waccan taska ruwa ne, zariya mai ƙarfi yake so. In an haɗa mata, ba za ta iya riƙewa ba, za ta koma gidan jiya ko ma abin da ya fi. Jakar ita ce rufin asirinta, kuma ta zauna ke nan har iyakar rai.

Har iyakar rai. Wato har iyakar rai sai an sami mai canja mata, domin idon Dada ya fara yana, hannunta kuma rawa yake yi in ta riƙe ƙaramin abu.

Ana cikin haka, a tsakiyar bazara, 'yar Sista ta haihu a Kaltungo, za ta tafi wankan jego. Ta zo sallama, ta ce da Dada a gabana, "Mama, ga 'yarki nan ta iya, na koya mata."

Dada ta ce da ƙofar ɗaki, "Ni ma Allah ya ba ni hannu."

Shi ke nan aka rufe maganar.

Na riƙa zuwa kullum da abinci. Kwanakin farko ban ga komai ba. Daga nan sai na fara ganin zannuwa a kan igiya, wanki bayan wanki, kuma da kanta take yi ba ta ba kowa. Turaren wuta ya yi yawa a ɗakin har yana sa tari. Kwalin jakunkunan da ke kan kabad yana ta yin ƙasa da saurin da bai kamata ba. Ta daina fitowa inuwar darbejiya da la'asar. Kwanon da na kawo yakan dawo kusan yadda ya je, ruwa ma sai ta kurɓa ta ajiye, a wannan zafin da ko ƙadangare neman inuwa yake. Na gane lissafinta: in ba a zuba ba, ba za a zubar ba. A ƙarƙashin ƙamshin turaren kuma hancina ya tsinto wani wari da na sani tun ina yarinya, man kaɗe.

Na kira Sista a waya, ina jin jariri na tsala kuka a bayanta.

"Man kaɗe? Wayyo Yesu! Danƙo yana kama mai ne? Wurin ya ci wuta ta shafa mai, jaka ta ƙi zama, ruwa ya ƙara zuba, ta ƙara shafa mai. Kuma bakin nan yana raguwa bayan aiki, na tabbata da tsohon awo take yankawa. Ki shiga ki duba mana, uwarki ce fa!"

"Ai shi ya sa ba zan iya ba, Sista."

"Ku Fulanin nan! Wata rana kunya za ta kashe ku a rasa mai faɗa." Sai ta sauke murya. Ta ce ba wasa take ba. In fatar ta ɓare babu jakar da za ta sake zama, kuma mai irin wannan aikin in ya daina shan ruwa jikinsa bushewa yake yi da wuri, ƙoda ta taɓu. In aka ƙara kwanaki a haka, gadon asibiti ne.

Na gwada hanyar da muka saba. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce da labule, "An ce wai man kaɗe yana hana danƙo kamawa."

Dada ta ce da rufin ɗaki, "Masu cewa ba sa gajiya."

Na koma gida a keke napep ina share hawaye da bakin hijabi. Maigidana ya ce in kai ƙara wurin Goggo ta yi mata magana. Na ce Goggo ce fa ta koya mini ko inuwar Dada kada in taka. Na yi salla na roƙi Allah ya buɗa mini ƙofa, don ni dai ban ga ta inda zan shiga ba.

Washegari rana na fitowa na isa Kagarawal, don Sista ta ce kafin a karya kumallo hanjin ya fi yin shiru. Na ɗumama ruwa. Na jera auduga da almakashi da hodar da ta bari a kan tire, na sa safar hannu. Na tsaya a bakin labule na yi sallama. Ban shirya abin faɗa ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sista ta ce a duba wurin."

Na jira. Har ruwan ya fara hucewa a hannuna. Sai na ji motsin gado, na ji ana jan tufafi. Sannan muryar Dada ta fito, sakakkiya, irin wadda ban taɓa ji ta nufo ni ba.

"Shigo mana, Sista. Kin sha hanya. Ya mutanen Herwagana?"

Na ɗaga labule. Tana kwance rigingine, ta ja mayafinta ta rufe fuskarta ruf har wuya, ta ɗage riga daidai wurin. Na ajiye tiren a gefen gado. Daga baya na ji bakina ya ce, "Suna lafiya, Mama. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki kam ga shi nan, sai abin da kika gani."

Na durƙusa na yi bisimilla, na ɓare tsohuwar jakar a hankali, da ma da ƙyar take riƙe. Fatar da ke kewaye ta yi ja ta saluɓe kamar an watsa tafasasshen ruwa, tana ƙyalli da mai. Na cije leɓe don kada kuka ya tona ni. Amma a tsakiyar wannan ɓarna ga shi nan, ɗan garin da Sista ke gaisarwa. Bai kai tumatir ɗin ba. Ja ne mai sheƙi, a jiƙe, a nannaɗe kamar bakin fure. Na taɓa shi da auduga ina jiran ta zabura, ko gezau. Ashe gaskiya ne ba ya jin zafi. Ina kallo sai ya motsa da kansa, ya tsuke ya saki, kamar mai numfashi. Abin da Allah ya ɓoye a cikin duhun ciki yana ta aikinsa tun ranar da aka haife ta, ba umarninta ba, ba saninta ba, yau ga shi a gaban idona. Na manta da tsoro, na ce Subhanallahi a fili.

Sai ya yi wata 'yar ƙara, furrr.

Daga ƙarƙashin mayafi Dada ta ce, "Kin ji shi ko? Ba shi da kunya ko kaɗan. Ban san wa ya biyo ba."

Dariya ta ƙwace mini. Na ga mayafin ma yana rawa.

Na wanke man nan tas da ruwan ɗumi, abin da ya fi komai ɗaukar lokaci. Na bar wurin ya sha iska ina fifita shi da murfin kwali. Na barbaɗa hoda na kaɗe. Na auna, na ga ramin da take yankawa ya kusa ninka bakin. Na yanka sabo, na ɗumama danƙon a tsakanin tafukana, na manna. Sista ta ce sai an dafe shi da tafin hannu na ɗan lokaci, ɗumin jiki ne ke sa ya kama. Na ɗora hannuna a kan cikin Dada na bar shi a nan. Rabon da jikina ya taɓa nata tun ina shan nono. Ga nanƙarwa nan fari-fari ta yi layi har gefe, na tsaya ina tunanin wanne ne nawa a ciki.

"Sista," ta ce, "ranar nan likita ya yi mini wata tambaya a gaban mutane."

"Na'am, Mama."

"Haihuwar fari. Ai ba a faɗa. A gidanmu na yi ta, na je goyon ciki. Naƙuda ta kama ni ina daka, na ƙarasa dakana, don kada a ce na yi raki. Na shiga ɗaki na rufe. Mu a lokacinmu ko uhum ba a cewa. Har gari ya waye ya sake wayewa ina durƙushe, sai da uwata ta ga ban fito alwala ba ta aika a kira ungozoma. Yarinyar kuwa kai gare ta kamar ƙwaryar fura."

Na ce, "Ikon Allah."

"Da ta fito na ji abu ya yage. Aka ce ruwan zafi zai haɗe shi. To, ya haɗe abin da ya haɗe." Cikinta na hawa da sauka a ƙarƙashin hannuna. "Aka ɗora mini ita, na kau da kai, mutane na kallo. Sai da kowa ya fita na buɗe zanen na ƙirga yatsunta. Kyakkyawa ce, ba don kan ba." Ta ja numfashi. "Kada ki faɗa wa ta Nasarawo zancen yagewar nan. Ba laifinta ba ne, amma saurin kuka gare ta, za ta ɗora wa kanta."

Na ce, "Ba za ta ji ba, Mama." Hawayena na ɗiga a kan safar hannu, na juya kai don kada ya sauka a jikinta.

Da na gama na kwashe kayana na fita. Na wanke hannu da fuska a bakin rijiya, na gyara hijabi, na ɗauko kunun da na zo da shi, na sake yin sallama na durƙusa a bakin ƙofa. Tana zaune a bakin gado, mayafi a kafaɗa, tana kallon tabarma.

"Ta Nasarawo ta makara yau," ta ce da tagar ɗaki. "Har ma'aikaciya ta zo ta tafi."

Ta shanye kunun nan tas, ta nemi ruwa.

Haka muka ci gaba. Fatar ta bushe, ta yi ɓawo, sabuwa ta fito. Zannuwa suka ragu a kan igiya. Ni kuwa na shiga wata irin rayuwa mai ban mamaki, ina zuwa gida ɗaya a matsayin mutum biyu. A ƙarƙashin mayafin nan na san uwata. Ashe mai surutu ce. Ashe tana kwaikwayon muryar mutane. Ta ba Sista labarin mahaifina da yadda yake tsoron kaza mai 'ya'ya. Ta kai ƙarar ta Nasarawo, wai kanwa tana yi mata yawa a miyar kuka, ga ta da tambaya kamar alƙali. Amma ita ma ashe gwanar tambayar ce. Me ya sa in ta ci gyaɗa ɗan garin yake yin fushi ya toshe? Me ya sa aka ce ta ƙara gishiri alhali sa'o'inta an hana su? In ta sha zoɓo me ya sa yake fitowa da launinsa? Wata rana ta ce, "Shi wanda suka cire ɗin, ina suka kai shi? An binne shi kuwa? Ranar tashi zai nemo ni ko ni zan neme shi?" Na ce wallahi ban sani ba, Mama, amma zan tambayo. Na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ta ce wanda ya tara ƙasusuwan da suka ruɓe, hanji ba zai gagare shi ba. Na kawo mata amsar, ta ce haka ne, ita ma ta yi zaton haka.

Da ruwan sama ya fara sauka Sista ta dawo daga Kaltungo. Ba ta yi waya ba, sai dariyarta muka ji a zaure, da ƙullin gyaɗa da ta manta an hana Dada. Ta shige ɗaki kai tsaye, ni kuwa na tsaya a inda na saba, a bayan labule, da butar ruwan ɗumi. Na ji ta ɓare jakar.

"Mama, wa ya yi wannan aikin? Ko ja babu. Ramin ma kamar da injin aka yanka."

"Wata sista ce aka samo."

"Wace sista ce a garin nan ban san ta ba? 'Yar wace unguwa ce?"

"Ban ga fuskarta ba," in ji Dada. "Ba ta da yawan magana. Ba kamar wasu ba."

Sista ta yaye labule ta leƙo. Ta dube ni, ta dubi butar da ke hannuna, ta dubi almakashin da ya leƙo daga aljihun jakata. Ta buɗe baki, na girgiza mata kai ina roƙonta da ido. Ta toshe bakin da hannu biyu, kafaɗunta na rawa, ta koma ciki.

"To, Mama, yanzu ya za a yi? Na dawo. In ci gaba da zuwa ko an kore ni?"

"Wa zai kore ki? Ki riƙa zuwa muna gaisawa, ki ci tuwo, ki ba ni labarin jikanki." Na ji gado ya motsa, ta gyara kwanciya. "Aikin kam a bar wa waccan. Ta riga ta san hanya, kuma hannunta da ɗumi."